Abin da Sauro Ya Yi wa Duna

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Hamisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka a tsaye da ƙafafunka, kai da kawunka Isa da mutanen gidansa. Allah ya tsare ka daga harsashin da aka nufe ka da shi, da wanda ya ɓace hanya. Allah ya tsare dabbobin da ka kora, ya tsare hanyar da ke tsakaninmu. Innarka tana gaishe ka, yayanka Rabi'u ma haka.

Ba zan cika ka da labarin gari ba. Ƙarar da kake ji daga ƙetaren ruwa ita muke ji a nan unguwar Habbena, sai dai tamu ta fi kusa. Waya har yanzu a yanke take. Muna raye, akwai gero a ɗaki, rijiyar gida tana da ruwa. Wannan ya ishe ka.

A cikin ƙullin da ya zo da takardar nan za ka ga ɗan kwali. Maganin Kyalla ne, karyar da ke gadin garke. Ranar da ka kora garke ka ƙetare gada zuwa Kusiri, kowa hankalinsa a tashe yake, babu wanda ya tuna cewa na gida ya ƙare. Na san abin da za ka ce: gari yana cin wuta, Baba kuma yana maganar karya. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci. Lokacin da abin Duna ya faru kana Maiduguri wurin karatu. Ka dawo ka tarar da Rabi'u yana ɗingishi, ka tarar babu Duna, aka ce maka ɓarayi ne da ajali. Gaskiya aka faɗa maka, amma ba a ba ka ita duka ba, kuma yanzu kana bukatarta.

Ka tuna Duna, baƙin karen nan mai faɗin ƙirji da muke da shi a garke. Tun ina yaro ina bin mahaifina kasuwar dabbobi ban ga kare mai kunne irin nasa ba. Mota tana kan gudron, wato kwalta, ba ta ma karyo kwanar unguwa ba, shi ya riga ya miƙe. Kuma ya san bambancin motar da ta saba zuwa ɗaukar raguna da wadda ba ta taɓa zuwa ba.

Ni da hannuna na zaɓa masa wurin kwana. Ƙarƙashin bishiyar darbejiya, gefen kwamin da shanu ke shan ruwa, ɗan taku kaɗan daga ramin da masu bulo suka haƙa suka bari. Na ga wurin da sanyi, na ce na kyauta masa. Ramin nan kuwa idan damina ta cika shi, sai rani ya yi nisa yake ƙafewa. Da magariba idan na zo rufe garke sai in ga sauro ya yi baƙi a kunnuwansa da kan hancinsa da fatar cikinsa inda babu gashi. Yana kaɗa kai, yana kai cizo iska. Ni ina ganin kare ai kare ne, sauro abin mutane ne. Mu muna shiga gidan sauro, shi yana waje.

To ka ji: cutar da ta kashe Duna a bakin sauro take. Ba a nama take ba, ba a ruwan sha ba, kuma kare ba ya shafa wa kare ita don sun ci a kwano ɗaya. Sauro ne zai ciji kare mai ita, ya ɗauko 'ya'yan tsutsa da ido ba ya gani, ya zo ya zuba wa naka. Kai kuma yanzu kana bakin kogin Logon, inda sauro ba ya sanin rani ko damina. Saboda haka kada ka ɗaure Kyalla kusa da ruwa, komai zafin rana. Ka nema mata tudu inda iska ke bugawa. Kwamin ruwa idan dabbobi sun gama sha, ka kife shi. Tsohuwar taya, fasasshen tulu, gwangwani, duk abin da ke riƙe ruwa a kewayen garke ka zubar. Da yamma ka tara busasshiyar kashin shanu ka yi hayaƙi a gefen da iska ke kaɗowa. Innarka ta sa tsohon gidan sauro a ƙullin, ya yage ta gefe ɗaya; ka ɗinke, ka rataya shi a rumfar da take kwana, ka bar mata ƙofar fita. Za a yi maka dariya. Ka bari a yi.

Duna ya fara da tari. Busasshen tari, kamar wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro. Da yake ragowar mahauta yake ci, na ce ƙashi ne. Na buɗe bakinsa na leƙa, na ɗura masa man shanu, na jira ya wuce. Bai wuce ba. Sai ya fara ramewa ta baya, haƙarƙari a waje, ciki kuwa yana kumbura kamar an hura salka. Na ce to, tsutsar ciki ce, wannan kuwa aikina ne. Shekara nawa ina yi wa shanu allurar tsutsa? Na ɗauko kwalbar, na dube shi da ido, na ce ai bai wuce ɗan maraƙi ba, na ja abin da na ja na soka masa.

Kafin la'asar Duna yana rawar jiki, miyau yana zuba, yana tafiya yana karo da turaku. Idonsa a buɗe amma ba ya gani. Innarka ta zo kawo mana abinci ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Malam, me ka ba shi?"

Na ce, "Abin da nake ba shanu."

Ta ce, "Shi saniya ce?"

Kwanaki ya yi a kwance, Rabi'u yana ɗiga masa madara da ruwa a baki, kafin ya tashi.

Ina jaddada maka wannan ne domin inda kake akwai makiyaya da yawa, kowa da kwalbarsa a jaka, kuma kowa zai ce maka shi ya sani. Mutanen kirki ne, shanu sun sani. Amma allurar da aka haɗa don dabbar da sai ƙarti huɗu ke kayar da ita, ɗigo kaɗan ne tsakanin magani da guba a jikin kare. Ƙari a kan haka, idan tsutsar nan ta riga ta cika masa jini, maganin da zai kashe ta gaba ɗaya yana iya tafiya da karen. Kada allurar shanu ta taɓa Kyalla. Kada kuma ka ɗauka jan maganin tsutsar ciki da ake sayarwa a kasuwa ya wadatar. Wannan tsutsa ba a hanji take ba.

Da Duna ya miƙe, na ga ya yi sanyi, sai na ce zaman wuri ɗaya ne ya kashe masa jiki. Na hau keke na kira shi ya bi ni kasuwar dabbobi, wai ƙirjinsa ya buɗe. Ya bi ni, don bai taɓa ƙin kirana ba. Ba mu yi nisa ba na waiga na gan shi a zube gefen hanya, harshe a waje ya yi fari-fari, numfashi yana fita da ƙyar. A amalanken wani mai itace na dawo da shi. Daga baya aka gaya mini babu abin da ya fi gudu illa ga karen da ke da wannan cuta, domin zuciyar tana aiki ne hanyoyinta a toshe. Idan ka ji Kyalla ta yi tari irin wanda na kwatanta, ko ka ga tana gajiya a tafiyar da ta saba, ko ta bar abinci, ka daina fita da ita kiwo nan take. Ka zaunar da ita a inuwa, ka nemi likitan dabbobi a Kusiri. Kada ka jira kumburin ciki. Idan ciki ya kumbura an yi nisa.

Yanzu ga ranar da aka harbi yayanka.

Wancan karon ne da aka shigo gari da yaƙi, kafin wannan. An wuni ana harbi ta wajen tsakiyar gari, da azahar abin ya lafa. A irin wannan lafawar ne ake ɓarna, domin ba ka sanin wane ne askar, wato soja, wane ne ya tsinci bindiga. Na tafi masallacin unguwa sallar la'asar, na bar Rabi'u yana dama wa raguna dusa a can ƙuryar garke, bayansa yana ga ƙofa. Akwai ƙaramar ƙofa ta baya da ke fita lungun masu bulo. Mun yi da shi tun da safe, idan Duna ya yi haushin baƙuwar mota, ya bi ta nan ya fice, kada ya tsaya ɗaukar komai.

Mota ta zo, buɗaɗɗiya, da mutum uku. Duna bai yi haushi ba. Rabi'u bai san da su ba sai da suka shigo har tsakiyar garke. Da ya juyo ya ga ana jan ragunan da ya yi wata da watanni yana turkawa, zuciya ta ɗebe shi, ya ruga ya riƙe ƙyauren ƙofa. Ɗayansu ya ce masa da Larabci ya saki. Bai saki ba. Muna cikin raka'a ta uku na ji ƙarar, kuma na san daga inda ta fito. Ban san yadda na idar da sallar ba.

Na tarar da shi a ƙasa, cinya tana zubar da jini, mota ta tafi. Na yage rawanina na ɗaure. Babu taksi, babu kulando mai haya da babur, sai a amalanke muka tura shi labtan, wato asibiti, ni da liman, muna bin lunguna, duk inda muka ji injin mota sai mu lafe jikin bango. Allah ya yi da sauran kwanansa. Ƙafar ce dai ba ta koma daidai ba, kuma shi ya sa yau kai ne a bakin Logon ba shi ba.

Da na dawo garke na ga Duna a kwance ƙarƙashin darbejiya, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce kare da ba ya haushi me za a yi da shi? Na yi niyyar in kai shi bayan gari in baro shi. Da safe na faɗa wa Rabi'u a gadon labtan. Ya kama hannun rigata.

Ya ce, "Baba, kada ka taɓa shi. Ya ji su. Wallahi ya ji su. Na ji yana ta tari a bayana, na ɗauka tarin da ya saba ne. Haushi yake so ya yi, shi ne ba ya fita."

Na zauna a bakin gadon.

Da hanya ta buɗe na sa Duna a amalanke na kai shi unguwar Pari-Kongo. Akwai wata likitar dabbobi a can, 'yar kudu ce, tana da ɗan shago bayan masu sayar da gawayi. Mu mahauta da dillalai Dokta kawai muke ce mata. Ta saurari ƙirjinsa, ta ɗebi jini a ƙafarsa ta ɗiga a gilashi, ta duba a madubinta, sannan ta ce in sa ido. Na sa. Hamisu, jinin motsi yake. Wasu siraran abubuwa suna ta mutsu-mutsu a ciki.

Ta ce, "Abba, waɗannan 'ya'yan ne. Iyayen suna cikin zuciya."

Na ce, "A ba shi magani mana."

Ta ce, "Maganin manyan allura ce mai tsanani, ba ni da ita, ba na jin akwai ta a garin nan yanzu. Ko da akwai, jikinsa ba zai ɗauka ba. Wannan ciwo hana shi ake yi, Abba. Idan ya shiga, fitar da shi wuya."

Duna bai kai Juma'a ba. Ta roƙe ni in bari ta buɗe shi, ta ce tana so in gani da idona don in gaya wa sauran masu garke. Ni mahauci ɗan mahauci, babu kayan cikin da ban gani ba, amma da ta tsaga zuciyar sai da na ja da baya. Farare ne, dogaye, sirara kamar taliya, sun dunƙule sun cika wurin, har sun bi jijiyar da ke zuwa huhu. Na yi mamakin yadda jini ke samun hanya. Da wannan a ƙirjinsa ya bi kekena.

Shi ya sa da na karɓo Kyalla tana 'yar kwikwiya, wurin Dokta na fara kai ta kafin garke. Ta auna ta, ta ba ni ƙwaya, ɗaya a wata. Ta yi mini bayani cewa ƙwayar ba ta hana sauro cizo. Abin da take yi shi ne ta kashe 'ya'yan tsutsar da sauro ya zuba a watan da ya wuce, tun ba su yi ƙarfi ba. Idan aka bar su suka girma, ƙwayar ba ta iya musu.

A nan ma sai da na yi tuntuɓe. Rani ya yi, ramin masu bulo ya bushe, ban ƙara jin kukan sauro ba, sai na daina ba ta. Da damina ta kusa na koma karɓar wani kwalin, Dokta ta tambaye ni yaushe rabon Kyalla da sha. Na faɗa mata. Ta mayar da kwalin cikin kabad ta rufe.

Ta ce, "Sai na duba jininta. Kuma ko na ga babu komai yau, za ka dawo da ita in sake dubawa, don ƙananan ba sa nunawa da wuri. Kai ba ka jin sauro, Abba, amma kai a ɗaki kake kwana."

Allah ya taimake mu jinin ya fita fes, duka biyun. Amma zaman jiran nan ban so ka ɗanɗana shi. Don haka ga yadda za ka yi. Ta sha na watan nan kafin ku tafi. Duk ranar da aka ga sabon wata, ka ba ta ƙwaya ɗaya. Ka cusa a cikin tsokar nama, ka tsaya a kanta har ta haɗiye, don tana da wayo, takan ci naman ta tofar da ƙwayar a bayan turke. Kada ka raba ƙwayar biyu don ta daɗe, an auna ta ne da nauyinta. Kada ka ba karnukan kawunka daga ciki ko ya roƙe ka. Manya ne, ba a taɓa duba jininsu ba, kana iya kashe masa su da niyyar alheri. Ka gaya masa ni na hana. Idan ka makara da 'yan kwanaki, ka ba ta da zarar ka tuna. Idan kuwa wani abu ya faru watanni suka wuce, kada ka haɗa mata biyu don ramuwa, ka fara kai ta a duba. Kwalin ka ajiye shi cikin jakar fata, nesa da rana da hannun yara.

Na wata shida ne, kuma ban san inda za a samu wani ba. Jiya da hantsi na je Pari-Kongo da ƙafa. Innarka ta tsaya a bakin ƙofa ta ce idan na fita kada in dawo in same ta, amma ita ce ta miƙo mini hulata. Hanya babu kowa sai karnukan da masu su suka gudu suka bari. A wata mahadar hanya wasu samari da bindigogi suka tsayar da ni, ɗayansu bai kai ka shekaru ba. Ya ɗora mini bakin bindiga a ƙirji ya ce ina za ni. Na ce neman magani. Ya ce na wa? Na ce na ɗana. Ya dube ni ya dube furfurata, ya kauda bindigar.

Na samu Dokta tana ɗaure kaya a kan baro, za ta bi 'yan'uwanta kudu. An fasa shagon, an kwashe na shanu duka, an bar na karnuka a warwatse a ƙasa don ba a san amfaninsa ba. Ta tsuguna ta tsince mai daidai da nauyin Kyalla, ta duba ranar lalacewarsa, ta sa mini a aljihu.

Ta ce, "Abba, ka yi hauka da ka fito yau."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ka koma ta bayan kasuwa, kada ka bi gudron." Ta tura baronta, ko sallama ba mu yi da kyau ba. Ka sa ta a addu'a.

Wata magana kuma. Za ka haɗu da masu cewa ɗan musulmi bai kamata ya damu da kare haka ba. Kada ka yi musu da kowa. Karen tsaron dabbobi an yarda da shi, na tambayi malamai tun kafin a haife ka. Ka ware mata kwanonta, ka wanke hannunka, ka kiyaye tufafin sallarka. Amma dabbar da ka ɗaure, ka hana ta neman na kanta, ka sa ta gadi, cinta da lafiyarta suna wuyanka, kuma za a tambaye ka.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi girma, kuma ina so ka karanta shi sau biyu. Ranar da Kyalla ta yi haushin baƙi, ka ga mutane da bindiga sun nufo garke, kada ka tsaya. Kada ka riƙe ƙofa, kada ka ɗauki sanda, kada ka buɗe baki ka ce dukiyar mahaifinka ce. Ka kwance mata igiya idan tana kusa, ka shiga cikin ciyawa ka yi nisa. Na san ka, ka fi Rabi'u zuciya, shi ya sa nake tsoro. Shanun nan duka da ragunan, ni na tara su, kuma ni nake gaya maka na yafe su tun yau. Duk wahalar da nake sa ka a kan lafiyar karyar nan, don ta iya buɗe murya ne a lokacin da za ta ba ka damar tsira. Idan ka dawo mini da igiya kawai a hannu, zan yanka abin da ya rage in yi sadakar godiya.

Kada ka ƙetaro don ka duba mu, ko me ka ji an ce. Idan lokacin dawowa ya yi ni zan aiko.

Allah ya sa ka a cikin tsarinsa da ba a ketawa. Ya rufe idon azzalumi daga inda kake, ya ba ka barci mai daɗi da farkawa a kan lokaci. Ya kashe wutar nan, ya mayar da kowa ɗakinsa, namu da na waɗanda ba mu sani ba. Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ka riƙe sallarka, ka ji maganar kawunka, ka ci abinci ko ba ka jin yunwa.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Garba, daga Habbena.